Wane zomo zan haɗa da wane don in samu nama a gida?

Wani malamin makaranta daga Funtuwa ya aiko da tambaya. Shekara biyu da suka wuce ya sayi zomaye uku a hannun mutum ɗaya, mata biyu da namiji ɗaya, irin waɗanda muke kira na gida. Yanzu yana da iyaye mata huɗu, biyu daga cikinsu 'ya'yan wancan namijin ne, kuma har yau shi ke barbarar su duka. Kukansa shi ne 'ya'yan ba sa girma, sai su yi wata biyar ba su kai kilo ɗaya da rabi ba, kwanan nan kuma mace-macen jarirai ya ƙaru. Ya ga hoton wani ƙaton irin zomo mai suna Flemish Giant a Facebook, wani ya rungume shi kamar ɗan akuya, yana so ya sani ko in ya sayo namijinsa ya haɗa da matansa zai samu nama. Ya ƙara da tambayar ko zomon daji da mafarauta ke kamowa zai ƙara wa nasa ƙwari. Ba sayarwa yake nufi ba, tukunyar gidansa yake so ta riƙa ganin nama.

Malam, kada ka sayi ƙaton nan, kuma kada ka rabu da matanka. Abin da kake buƙata namiji ɗaya ne matsakaici, New Zealand White ko Californian, wanda ba shi da dangantaka da naka ko ta kusa ko ta nesa. Tsohon namijinka kuwa ya gama aikinsa, a yi masa farfesu.

Bari mu sallami zancen zomon daji tukuna, don ba shi da tsawo. Sunan ne kawai ya haɗa su. Na daji wata halitta ce daban: cikinsa yana kai kusan kwana 42, ana haifar ɗansa da gashi, ido a buɗe, ba ya haƙa rami. Na gida cikinsa kwana 31 ne, ɗansa tsirara yake zuwa, ido a rufe sai wajen kwana goma. Ko ƙwayoyin gadon da ke jikinsu ba adadi ɗaya ba ne, na gida 44, na daji 48, saboda haka ko ka kulle su a keji ɗaya shekara ba za ka ga ɗa ba. Abin da za ka iya gani shi ne kaska da cuta. Wanda aka yi wa karin maganar kowa ya ci zomo ya ci gudu, a bar shi a dajinsa.

Shi kansa wanda muke kira na gida ba ɗan asalin ƙasar Hausa ba ne. Duk zomon kiwo da ke duniya tsatsonsa ɗaya, zomon ƙasashen Sifen da Fotugal da kudancin Faransa. Waɗanda ke gidajenmu jikokin irin da aka riƙa shigowa da su ne, Dutch da Chinchilla da New Zealand da sauransu, suka cakuɗu tsawon shekaru ba tare da wani ya rubuta wane ya haifi wane ba. Amma akwai mai tantancewar da bai taɓa hutawa ba, wato bazara. Duk wanda bai iya zafinmu ba, ko bai iya rayuwa da harawa da dusa ba, ya mutu bai bar baya ba. Waɗanda suka rage ƙanana ne, ba su da kyan hoto, sai dai suna ɗauke da abin da kuɗi ba ya saya a gonar masu iri: suna ɗaukar ciki a yanayinmu, suna shayarwa da abincinmu. Da ɗan gari akan ci gari. Shi ya sa na ce matanka su ne jarinka.

Ciwon da ke kejinka kuwa, tun kafin a zo maganar iri, na auren dangi ne. Zomaye ukun da ka saya a hannun mutum ɗaya, abu ne mai yiwuwa ƙwarai ciki ɗaya suka fito. Sannan uban ya dawo yana barbarar 'ya'yansa. Kowane zomo yana ɗauke da wasu miyagun halaye na gado a ɓoye, waɗanda ba sa bayyana sai ɗa ya karɓi irinsu ta wajen uwa da ta wajen uba a tare. In uwa da uba baƙin juna ne, da wuya su haɗu a kan aibi ɗaya. In uba ne da 'yarsa, ko wa da ƙanwa, masana lissafin gado sun ƙiyasta cewa kashi 25 cikin 100 na wuraren gadon ɗan za su zama kwafin abu ɗaya ne daga ɓangarorin biyu, kuma adadin hawa yake yi duk zuriya. Daga nan ake fara ganin ciki mai 'ya'ya uku maimakon bakwai, jarirai marasa ƙarfin kama nono, haƙoran gaba da suka saɓa wa juna suna ta tsawo har zomo ya kasa cin abinci. Ko namijin gida ka samo daga wani gari, muddin bare ne, za ka ga sauyi a haihuwar farko.

Haɗa iri biyu juyin wannan ne. Aibin da wannan ya ɓoye, lafiyayyen gadon wancan sai ya rufe shi, 'ya'yan su fito da ƙwarin da ya zarce matsakaicin iyayensu. Kai da kake Funtuwa ba sai na yi maka dogon bayani ba, ka san irin masara na kamfani da ake ce wa haibirid. Shekarar farko gona ta yi kyau, zangarniya kai ɗaya. Manomin da ya ɗebi iri daga wannan amfanin ya sake shukawa, baɗi sai ya ga gonar ta zama wani dogo wani gajere, buhunan sun ragu. Haka zomo yake. Ƙwarin ruwa-biyu yana cika ne a zuriyar farko, in ka haɗa 'yan ruwa-biyun da junansu rabinsa ya tafi a zuriya ta biyu. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa: su sayi namiji mai tsada, su ga haihuwar farko ta yi kyau, su bar 'ya'yan suna barbarar juna, bayan shekara biyu su koma inda suka fito suna cewa an cuce su.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani game da inda wannan ƙwarin ya fi bayyana. Ya fi ƙarfi a yawan 'ya'ya, da yawan nono, da rayuwar jarirai, wato halayen uwa. Girman jiki da cikar tsoka kuwa ɗa yakan tsaya ne a tsakanin uwa da uba. In macenka kilo 2 da rabi ce, namijin kilo 4 da rabi, kada ka sa ran 'ya'ya masu kilo 5. Za su tsaya wajen 3 da rabi in sun gama girma, in abinci ya wadata. Wannan na nufin ribar gaske ba a haihuwar farko take ba, tana zuwa ne ranar da 'yar ruwa-biyun ta zama uwa.

New Zealand White, duk da sunansa, a Amurka aka samar da shi. Fari ne fat mai jan ido, babba yakan kai kilo 4 zuwa 5 da ɗoriya, matansa suna da nono, shi ne zomon nama da ya fi yaɗuwa a duniya. Californian ya ɗan fi shi ƙanƙanta, kilo 3 da rabi zuwa 4 da rabi, fari mai baƙin hanci da kunnuwa da ƙafafu da bindi, amma ya fi cika a gadon baya da cinya, ƙashinsa kuma siriri. Shi ma asalinsa haɗi ne: wani mai kiwo a Kalifoniya, George West, ya fara aikin a 1923, ya haɗa Himalayan da Chinchilla, ya kawo New Zealand a kai, ya yi shekaru yana zaɓe kafin irin ya tsaya. Baƙin nan nasa da sanyi yake tafiya, da hunturu ya yi duhu, da bazara ya koɗe, don haka in ka ga ya dusashe a watan Afrilu ba canza maka shi aka yi ba. Chinchilla mai launin toka yana da kyau, sai dai iri-iri ne, akwai ƙarami mai kilo 3 akwai babba, sai ka auna kafin ka biya. Dutch mai farin ɗamara a ƙirji bai cika wuce kilo 2 da rabi ba. Uwa ce ta gari, kuma ina kyautata zaton jininta na cikin matanka, amma namijinta ba zai ƙara maka nama ba. Akwai kuma Hyla da ake ta talla. Shi kansa haibirid ne na kamfanonin Turai, an gina shi a kan abincin buhu da ɗaki mai sanyi, 'ya'yansa kuma ba lallai su fito kamarsa ba.

Sai Flemish Giant, ɗan ƙasar Beljiyam, mai kilo 6 zuwa 7 har fiye. Ni ma na taɓa faɗawa wannan tarkon, shi ya sa nake maganarsa da zafi. Na yi doguwar tafiya na sayo namiji, maƙwabta suna zuwa kallo, yara suna kiran abokansu. Abincin zomo biyu yake ci. Da Maris ya shigo sai ya miƙe a keji yana haki, kunnuwa sun yi ja, ko mace aka kai masa sai ya kalle ta ya kau da kai. Nauyinsa ya sa wayar keji ta ci masa tafin ƙafa har ya yi gyambo. 'Ya'yan da na samu kafin zafin, da na yanka su a wata huɗu, dogaye ne masu faɗin ƙashi, kai babba, fata mai kauri, tsokar ba ta zo ba tukuna. Giwa a garin wani zomo ce, to wannan zomon ne ya zo garin wani yana giwa, ya kasa.

Ba sharri nake masa ba, haka halittarsa take. Manyan iri ƙashi suke fara ginawa, tsoka ta biyo baya, kuma ba sa isa barbara sai wata takwas zuwa tara, alhali matsakaita a wata biyar zuwa shida mace ta isa. Zomo ba ya gumi, ta kunne da numfashi yake fitar da zafi, kuma gwargwadon girman jiki gwargwadon wahalar fitar da shi. Ga kuma macenka 'yar kilo biyu da rabi: in cikin ya zo da 'ya'ya biyu ko uku kacal, kowanne yakan yi girma, haihuwa ta yi mata wuya.

Lissafin da mai ciyar da iyali zai yi shi ne kilo nawa na nama uwa ɗaya ta kawo a shekara, da abinci nawa. A ce kowace uwa ta haihu sau huɗu, ta yaye shida-shida, zomaye 24 ke nan. In ka yanka kowanne yana kilo 2, bayan fiɗa da cire kayan ciki da kai abin da ke saura ya ɗan haura rabi, ka ce kilo ɗaya da 'yan kai. Iyaye huɗu sun ba ka zomaye 96, kusan biyu kowane mako. Ko rabin haka ka samu, kusan kowane mako gidanka zai ci nama. Ƙaton da ya haifar maka goma a shekara, ko kowanne ya yi kilo 4, bai kama ƙafar wannan ba. Ga shi zomo mai kilo 2 daidai tukunyar yini ɗaya ne, ba ruwanka da firiji da jiran wuta.

Ga yadda zan yi in ni ne kai. Namijin farko New Zealand, a kan matanka huɗu. Duk mazan da aka haifa na tukunya ne, komai kyansu, a raba su da matan tun suna wata uku kafin su fara ɓarna. A cikin matan ka zaɓi biyu ko uku mafi kyau ka ajiye. Waɗannan ba za su koma wa ubansu ba, a nan ne namiji na biyu zai shigo, Californian. 'Ya'yan da za su fito rabi Californian ne, kwata New Zealand, kwata na gida: uwa mai ƙwarin ruwa-biyu da nono, uba mai cikar tsoka. Su ne zomayen naman da kake nema, kuma dukkansu, maza da mata, na yanka ne. In kana son sababbin iyaye, ka koma wa tsofaffin matanka da New Zealand ɗin su sake haifa maka.

Na san ciyar da maza biyu saboda mata shida asara ce, tunda namiji ɗaya yana iya ɗaukar mata takwas zuwa goma. Mafita ita ce abokin kiwo. Ka nemi wani a garinku da ka yarda da tsabtar kejinsa, shi ya riƙe iri ɗaya kai ka riƙe ɗaya, ku yi musaya bayan shekara. In kuma kuka zaɓi ajiye wasu 'ya'ya matan maimakon yanka su duka, kuka ci gaba da musayar, 'yar New Zealand ta je wa Californian, 'yar Californian ta je wa sabon New Zealand, lissafi ya nuna ana riƙe kusan kashi biyu cikin uku na ƙwarin haɗin har illa masha Allah. Sharaɗin kawai kada namiji ya taɓa hawa 'yarsa ko jikarsa.

Amma ka lura, a wannan juyin jinin na gida raguwa yake yi: rabi, kwata, ɗaya bisa takwas. Masu kiwon shanu sun riga mu ganin ƙarshen wannan hanyar. An daɗe ana haɗa Friesian da Bunaji a cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, kuma duk wanda ya riƙe irin shanun nan ya san mai rabin jini ta fi sauƙin riƙo a hannun talaka fiye da wadda jinin Turai ya rinjaya. Mai kiwo a Jos ko Mambila yana iya barin jinin baƙi ya hau yadda ya so. Na Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, gara iyayensa mata su tsaya a rabi. Kai kana tsakiya. In ka ga iyayen sun fara ɓari da bazara ko suna ƙin cin abinci, zuriya ta gaba ka kawo namijin gida lafiyayye, bare, ya maido da jinin.

Wajen saye ne ake yawan shan ruwa. Ba kowane fari mai jan ido ne New Zealand ba. Farin nan zabiyanci ne, yana iya fitowa a kowane iri, har a cikin na gida. Ka tafi da sikeli, ko na rataye ne. Ka nemi ganin uwa da uba, ka tambayi watanninsa. Ka shafa gadon bayansa: in ƙashin baya na sukar tafin hannunka kamar carbi, bar shi, kana son ka ji tsoka ta cika gefe da gefe har cinya. Ka ɗaga leɓe ka ga haƙoran sama sun ɗan rufe na ƙasa. Ka leƙa cikin kunne ko akwai ɓawon ƙazuwa, ka duba hanci, ka duba cikin ƙafafun gaba, don zomo mai majina da su yake shafe hanci sai gashin wurin ya dunƙule. Ka tabbata 'ya'yan marainansa biyu sun sauko. Wanda aka haifa a yankinku, iyayensa suka sha bazara a nan, ya fi wanda aka ɗoro a mota daga wuri mai sanyi ko da wancan ya fi kyan gani. Ɗan wata biyar zuwa shida ya fi, ya saba da gidanka kafin ya fara aiki.

In ka kawo shi, wata guda a keɓe, nesa da sauran, da kwanon ruwansa daban, kuma shi za ka riƙa ba abinci a ƙarshe. A 2020 an tabbatar da ɓullar cutar zubar jini ta zomaye a Najeriya, wadda ke share keji cikin 'yan kwanaki, zomo yana lafiya da dare da safe a tarar da shi a mace, wani lokaci da jini a hanci. Sabon zomo da takalmin baƙo su ne manyan hanyoyinta. Wannan killacewar ta shafi namijin musaya ma. Tunda an zo maganar magani: kada ka ba zomo amoxicillin ko ampicillin ta baki kamar yadda ake ba kaji, suna kashe ƙwayoyin cikinsa masu narkar da abinci, zawo ya kashe shi. Ka tambayi likitan dabbobi.

Iri ba ya girma da iska. Ɗan New Zealand da ke kai kilo 2 a mako goma a Turai abincin buhu yake ci a ɗaki mai sanyi. A wurinmu, da abincin gida, wata huɗu zuwa biyar ka sa a ranka. Harawar gyaɗa ko ta wake kada ta yanke a keji, a ƙara da ganyen dankali da na zogale da aka bari ya ɗan yi yaushi, sai dusar masara ko ta alkama da aka cakuɗa da garin ƙuli-ƙuli ko waken suya da aka soya, da ɗan gishiri. Uwa mai shayarwa tana son abincin da furotin ɗinsa ya kai kashi 16 zuwa 18 cikin 100, dusa zalla ba ta kai nan ba. Zancen cewa zomo ba ya shan ruwa kuwa ya kashe jarirai da yawa, uwar da ba ta sha ba nononta ƙafewa yake yi.

Zaɓen 'yan matan da za ka ajiye ba da ido ake yi ba, da littafi ake yi, kai kuwa malami ne. Kowace uwa da shafinta: ranar barbara, wane namiji, nawa ta haifa, nawa ta yaye. Ranar da 'ya'yan suka cika kwana 21 ka zuba su duka a kwando ka auna. Har zuwa lokacin kusan nono kaɗai suke sha, saboda haka nauyin kwandon shaidar nonon uwar ne. Daga uwar da kwandonta ya fi nauyi, wadda ke cire gashi ta yi shimfiɗa mai kyau, ba ta watsar da jarirai a kan waya, daga ita za ka ɗebi magada. Ka kifa 'yar ka ƙirga kan nononta, kada ya gaza takwas. Kada kuma ka yanke wa uwa hukunci da haihuwar fari, da yawansu sai a ta biyu suke nutsuwa.

Mace ake kai wa namiji kejinsa, in ka kai shi nata faɗa za ta yi masa. Da sassafe ko bayan la'asar, ka tsaya ka gani: in ya hau ya faɗi gefe da ɗan ƙara, an gama, ka maida ita. Kwana 28 ka sa mata akwatin haihuwa da busasshiyar ciyawa. Yaye a mako shida.

Lokacin sayen ma yana da muhimmanci. Zafin da ya haura digiri 30 kwanaki a jere yana raunana maniyyin namiji, kuma ko an samu sauƙi yakan ɗauki wata biyu ko fiye kafin ya dawo daidai. Mutane da yawa sun yanka namiji mai kyau a watan Yuni suna cewa ba ya haihuwa, alhali bazara ce ba ta sake shi ba. Ka sayo naka wajen Satumba, ya gama killacewa a Oktoba lokacin da harawa ke araha, ka fara barbara. Haihuwar farko za ta zo a Nuwamba, ta biyu wajen Fabrairu. Daga Maris zuwa saukar ruwa ka hutar da su, keji a inuwa, a shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a kan rufin, ruwa kada ya yanke. 'Yan matan Nuwamba za su isa barbara daidai faɗuwar damina, lokacin ne za ka je wa abokin kiwonka da maganar Californian ɗinsa.